Ranar da Baba Ya Buga Mini Umarni

Akwai wata Asabar da na yi a gidanmu na Illela wadda ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah.

Mahaifina ya yi aikin buga tafireta a ofis tun shekarun tamanin. Da ya yi ritaya, sai ya ƙudura rubuta tarihin gidanmu, yadda kakanninmu suka yi fatauci tsakanin Illela da Ƙonni. Na kawo masa wata tsohuwar kwamfuta mai aiki da tsarin Linux, amma idonsa ya fara rauni, kuma ba ya samun ƙ da ɗ da ɓ a kanta. Don haka na rubuta masa 'yar manhaja a Sakkwato, inda nake aiki, mai manyan haruffa da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. A kwamfutata tana aiki lafiya lau.

Da na zuba ta a tasa, ta ƙi buɗewa. Akwai ƙananan fayiloli da take jingina da su, tawa tana da su, tasa babu, gidan kuma ba intanet. Na duba agogo. Na yi niyyar bin motar la'asar, sai na ce masa zan gyara in dawo wani watan.

"Mi yah hana ta tashi?" ya tambaye ni.

Na ce ta baro kayan aikinta a Sakkwato.

"To kayan ba su cikin wagga taka? Ɗaure mata su wuri guda mana. Wata mai zuwa ban san ko ina ganin allon ba."

Bai faɗa da tausayin kai ba. Na ajiye jakata.

Akwai wata manhaja da ake ba umarni a rubuce, ta tattara manhajarka da duk abin da take buƙata ta dunƙule su fayil ɗaya, wanda za ka ɗauka a filashi ka buɗe a wata kwamfutar. Ina da ita, amma ban taɓa gwadawa ba. Muka zauna a zaure, na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni. Baba ya yi ta kallon yadda nake tsintar haruffa da yatsa biyu, har ya kasa haƙuri.

"Tashi. Kai faɗi, ni in buga."

Na ƙara girman rubutun, na koma gefe. Ina faɗa harafi-harafi, yana bugawa da yatsu goma, bayansa a miƙe, ko kallon hannunsa ba ya yi. Tun ina yaro rabona da ganinsa haka. Bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma bai yi kuskure ba sai inda ni na faɗa ba daidai ba.

Karon farko fayil ɗin ya haɗu, muka kai kwamfutarsa, ya ƙi motsi, domin na manta in ba fayil ɗin izinin aiki. Karo na biyu ya buɗe, amma duk inda ƙ take sai ɗan akwati ya fito, saboda ban saka fayil ɗin haruffan a ciki ba. Muka yi la'asar, motar ta tafi, muka sake. A karo na uku ya buga sunan Ƙonni, ya matso da fuskarsa dab da allon, ya daɗe yana kallo.

"Zamanin da munka yi aiki," ya ce, "sai na zare takarda in bi kowace k da biro in yi mata ƙugiya. Shekara da shekaru."

Daga nan bai ƙara kula ni ba. Ya shiga rubutu, mahaifiyata ta aiko da tuwo har ya huce.

Wata bakwai ya yi yana rubutawa kafin idon ya rufe, bayan shekara kuma Allah Ya karɓi abinsa. Ya kai labarin har auren kakata, a nan ya tsaya. Kwamfutar ta mutu tuni, amma fayil ɗin manhajar da muka haɗa yana nan, ya buɗe a duk wadda na canza tun daga lokacin. Wani lokaci nakan buɗe shi ba don in rubuta komai ba, sai don na san hannunsa ne ya haɗa shi. Nakan so a ce na ƙara kwana biyu, na zauna kusa da shi ina jin ƙarar bugun nan.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan tsoho ya roƙe ka abu, kada ka auna da lokacinka. Kai kana da wata mai zuwa, shi bai tabbata yana da shi ba. Allah Ya jiƙan Baba.