Malam Garba da Baƙinsa na Bayan La'asar

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na gefen Yako ya san ƙararrawar nan ta bayan la'asar, wadda ta hana a sa wa mai ita mari a ƙafa. Marigayi Malam Garba ne, abokina tun muna elemantare, yake kaɗa ta a gindin ɗorawar gonarsa. Sai ya shimfiɗa tabarma biyu, ya zauna a kan ɗaya, ya dubi wadda babu kowa a kanta, ya ce, "To, bismilla. Wa zai fara?"

Muryoyi biyu ya yi shekaru yana ji. Ɗaya ya raɗa wa suna Sufeto, domin ba shi da aiki sai kushe: kunyar gona ta karkace, rawani bai naɗu ba, shi Garban ma ba shi da amfani. Ɗayar Gwaggo ce, mai tsorata shi da abinci da hadari. Da fari sun wahalar da shi ƙwarai. Na gan shi da auduga a kunne, rediyo a kafaɗa, yana hawaye. Matarsa Rabi ta ce iska ce, liman ya ce jarrabawa ce, likita a Kano ya ce lalurar ƙwaƙwalwa ce mai magani. Garba bai watsa wa kowa ƙasa a ido ba. Ya sha rubutu, ya riƙe addu'a, ya haɗiyi ƙwayarsa kullum.

Ƙararrawar kuwa, ina alfahari da cewa shawarata ce. Na yi hedimasta har na yi ritaya, na kuma san ba a barin aji ya yi magana duk sa'ad da ya ga dama. Na ce ya yanka musu lokaci, na ba shi ƙararrawar hannu da aka yi mini kyautarta ranar sallama. Daga la'asar har inuwar ɗorawa ta taɓa iyakar gona yake sauraronsu yana ba su amsa. In sun taso a wani lokacin, maganarsa ɗaya ce: "Ku baƙi ne, gidan nawa ne." Ba kullum suke bi ba, amma sun fi wasu ɗaliban da na koyar ladabi.

Wata rana wani Arɗo daga wajen Falgore ya biyo da shanu, ya tarar da shi yana musu mai zafi a kan takin masara. Arɗo ya tsuguna yana jira, a zatonsa waya ake yi. Garba ya juyo ya tambaye shi ko a rugarsu haka ake wuce baƙin mutum ba gaisuwa. Arɗo, mutumin kirki, ya dubi tabarmar nan, ya gaishe ta da Fillanci, har ya tambayi lafiyar iyali. Washegari ya aiko da nono, da saƙon cewa na mutum uku ne. Garba ya shanye duka, ya ce Gwaggo ta ce akwai guba, Sufeto kuma ya ce ya yi tsami.

Sai ƙaninsa Isyaku ya tashi da batun a kai shi gidan wani mai magani can bayan Doguwa, inda ake sa mari, shi kuma ya riƙe gonar. Aka je gaban dagaci, aka kira ni shaida. Na sa babbar rigata ta shadda, na shirya jawabi mai shafi uku.

Zaman ya ja, aka yi la'asar, aka dawo. Dagaci ya ce Garba ya faɗi iyakokin gonar da yadda ya gaje ta. Ya fara ke nan na ga kansa ya karkata, gumi ya keto masa. Lokacin baƙi ya yi, mai gida kuwa bai zo ba. Isyaku ya yi ta nuna shi yana cewa ga abin nan ya motsa, mutanensa suka kaure da surutu, dagaci ya tsawata sau uku a banza.

Garba ya nemi izini, ya juya ga bango.

"Sufeto, gaban manya nake. Ku jira a waje, zan biya ku lokacinku."

Ya juyo ya ƙarasa iyakokin tsaf, daga tsamiya har bakin rafi, da sunan kowane shaida. Mutanen Isyaku ba su daina surutu ba, sai dagaci ya ce Garba ya ara masa ƙararrawar da ke aljihunsa. Ya kaɗa ta sau ɗaya, zaure ya yi tsit.

"Wannan ya tsawata wa waɗanda ba a gani, sun ji," in ji shi. "Ni na kasa da waɗanda nake gani. To, wa za a ɗaure?"

Dariya ta ɓarke har waje. Gona ta zauna a hannun mai ita, batun mari ya mutu, jawabina kuma bai fito daga aljihu ba.

A hanyar gida ina ta murna ina yabon dabarata, sai Garba ya riƙe hannuna.

"Hedimasta, ba su yi shiru ba fa. Sufeto ihu yake ta yi, wai yau a mari zan kwana. Ban dai ba shi izinin magana ba ne."

Daga nan ya wuce gindin ɗorawa, ya ce alkawari ya yi musu.

Bayan rasuwarsa a daminar bara, Rabi ta dawo mini da ƙararrawar. Mariƙinta ya suɗe saboda riƙo. Ya Allah, bawanka Garba ya sha surutu a duniya, bai rama a kan kowa ba. Ka sanyaya makwancinsa, Ka ba shi shirun da bai samu a nan ba, kada ya ƙara jin wata murya sai ta masu yi masa sallama a ƙofar Aljanna. Amin.