Lemon Gyatuma

Ga wani ƙaton magidanci a rumfar mai dashe, takalminsa duk caɓo, ya rungumi sararren reshen lemo yana bin tukwane yana gwada tsayi. Ko ba a faɗa ba, ciyawar ƙarshen damina ya tashi sharewa, adda ta haɗa da abin da ba ciyawa ba.

"Na gyatumata ne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Gobe asibiti za su sallamo ta. Nemo mini mai kama da shi sak."

Mai dashe ya tuntsire da dariya. "Yallaɓai, wadda ta shekara biyu tana ba shi ruwa za ka yi wa wayo?"

Magidancin yana sosa ƙeya, yana mayar da tukunyar da ya ɗauka. Gara haka. Wadda ta san kukan ƙaryarka tun kana cikin tsumma, ba da furfura za ka ruɗe ta ba.