Ranar da Ɗaliban Kawu Suka Kashe Wayarsa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kawuna Malam Nasiru, ƙanen mahaifiyata. Ina 'yar shekara goma sha uku lokacin. Umma ta ce in zan yi rubutun nan in rage baki, na kuma rage. Abin da za ku karanta rabin abin da ke raina ne.

Kawu malamin jami'a ne, amma ajinsa a falonmu na Rijiyar Lemo yake, cikin kwamfuta. Yana koya wa manyan mutane bin sawun masu laifi a waya da intanet: yadda ake tono saƙon da aka goge, da yadda ake riƙe wayar da za ta zama shaida a kotu. Ɗalibansa ba yara ba ne. Akwai lauyoyi, akwai ma'aikatan banki, akwai masu furfurar da ta isa a yi tsintsiya da ita. Kowa ya rufe kyamara, ya bar sunansa yana karatu a madadinsa. Wani ya manta makirufo a buɗe, ajin duka ya sha minsharinsa. Wani a cunkoson motocin titin Bata yake ɗaukar darasi, Kawu na bayani, shi yana zagin mai adaidaita sahu. Duk kuma sun ci jarrabawa. Yadda aka yi, Allah ne masani.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, sai ya riƙa naɗar wa kakata, Hajiya Inna, muryarsa a waya. Gaisuwa ce da tsokana da addu'a, ya ce ta riƙa ji in ba ya nan. Ya saita wayar yadda muddin tana cikin gida kuma ba a kashe ta ba, ba ta neman lambar sirri. Lambar kuwa shi kaɗai ya san ta, don Kawu ko inuwarsa bai yarda da ita ba.

Ranar sadakar uku ɗaliban suka zo ta'aziyya, karo na farko da muka san suna da fuska. Aka shigo da su su gaida Hajiya, ina kunna mata muryar. A gabansu akwai wani Alhaji Bala, da babbar riga kamar rumfar biki.

"Ke, wayar wa ce wannan?"

"Ta Kawu ce."

"Ta marigayi kike latsawa haka da hannu? Kawo nan, yarinya. Ba a taɓa irin wannan."

Hajiya ta ce, "Alhaji, muryar ɗana nake ji."

"Adana miki ita za mu yi, Hajiya. Ai mu ya koya wa aikin nan."

Ya zaro hankici ya riƙe wayar kamar ya kama kunama, ya danne ta ya kashe, ya zura a ambulan, ya sa hannu a bakin. Sauran suna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Da suka tafi muka kunna, wayar ta nemi lamba. Lambar tana maƙabarta.

Wata ɗalibarsa lauya, Madam Rifkatu, mazauniyar Sabon Gari, ba ta zo ba sai washegari. Da ta ji labari ta dafe kai. Ta ce darasin farko ke nan: wayar da ka tarar a kunne, bar ta a kunne, ka sa mata caji, ka kwashe abin ciki tukuna. Alhaji Bala ya ji "kar a taɓa", sauran darasin ya same shi yana barci.

An kai wayar wurin masu gyara a Kasuwar Sabon Gari, suka ce za ta buɗu, amma komai zai goge. Hajiya ta ce a dawo mata da abarta. Alhaji Bala ya yi alkawarin wata na'ura daga Abuja. Har yau tana hanya, ina jin da rarrafe take tahowa.

Yanzu shi ne ƙwararren masanin tsaron intanet. Yana sakin bidiyo yana gargaɗin jama'a, duk shekara kuma ya liƙa hoton Kawu ya rubuta "Malamina" da alamar hawaye jere. Bana ya zo da sabuwar dabara, wai yanzu kwamfuta na iya ƙera muryar mutum, a bari ya haɗa wa Hajiya ta Kawu, ta faɗi duk abin da take so.

Hajiya ta ce, "Wadda ya bar min ka kashe. Ta ƙarya kuma ka kai wa wadda ba ta haife shi ba."

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga wannan zamani. Ya ƙare rayuwarsa yana koyar da bambance murya ta gaskiya da ta jabu, ga ɗalibinsa yana tallan jabun ga mahaifiyarsa. Ina jin zai nemi a dawo da takardun shaidar kammala karatun da aka ba ɗaliban nan ya naɗe tsire da su. Kawun ma ban ƙyale shi ba. Mutumin da ke cewa kowa ya ajiye kwafin komai, nasa guda ɗaya tal ya bari.

To me ya rage na Kawu? A wurin yawancin ɗalibansa, takarda a bango. A gidanmu kuwa, Madam Rifkatu ta kawo darussansa da ta naɗa, su ne Hajiya ke ji bayan la'asar. Turanci ne zalla kan tono bayanan da aka goge, ba ta gane ko kalma, amma ba ta yarda a tsallake. A tsakiyar ɗaya daga ciki akwai inda tari ya sarƙe shi. Duk ranar da aka zo wurin, sai ta matso da kunnenta.

"Sannu, Nasiru," in ji ta. "Sha ruwa, ka yi a hankali."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta.