Mani Mai Fata da Ramin Bayan Sito

Mani ɗan gidan mahauta ne a Ƙofar Dundaye cikin Sakkwato, amma bai taɓa cika shekara a rumfar fawa ba. Ya yi fatauci zuwa Jega ya dawo. Ya bi masu shanu har Ilorin, ya komo da zazzaɓi. Ya gwada saƙa wata biyu ya watsar. Ko a tabarma ba ya zama. Ana cikin hira sai a ga ya miƙe yana kai da komo, hannu a baya. Baffansa Sodangi, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya yi faɗa har ya gaji ya bari.

Shekara biyu bayan yaƙin Jamus, sojan Nasara suka kwashe kayansu daga wani sito da ke bayan ganuwa, suka koma sabon bariki. Dogayen ɗakuna ne uku masu rufin kwano, da rijiya a tsakar fili. Suka garƙame ƙofa suka tafi. Mutane suna ratse wa wurin don tsoro. Mani kuwa kullum sai ya bi ta nan, ya yi ɗage ya leƙa ta taga, ya auna bangon da taku.

Ya ji a kasuwa cewa masu sayen fata na kamfani sun fi son wadda aka rataya ta bushe a inuwa, ba wadda aka kafe a ƙasa rana ta ƙone ta ba. Ya sami Sodangi yana wasa wuƙa.

"Baffa, wurin ga akwai iska, ga inuwa, ga ruwa. In munka rataya fata ciki, ba ta ƙonewa."

"Kai da ba ka zama wuri guda? Wata nawa za ka yi?"

"Ka dai shige mini gaba, Baffa."

Sodangi ya kai maganar gun hakimi, hakimi ya kai ta gaba. Wata uku Mani yana zarya, kafin aka miƙa masa mabuɗi.

Abin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Ya kafa itatuwa, ya ɗaura igiyoyi, fatun jajayen awaki suka cika ɗaki biyu, ƙiragan shanu suka cika na uku. Mahauta suka riƙa aiko masa da fata tun da jininta. Kafin shekara ta zagayo mutum ashirin ke aiki a wurin, ban da masu jakai. Mata suka kafa rumfunan fura da waina a bakin ƙofa, wani maƙeri ma ya kawo uwar maƙerarsa. Wurin da ake gudu ya zama ƙaramar kasuwa. Duk da haka Mani bai zauna ba. Yana shiga ɗaki yana fita, yana taɓa fata, yana shinshina ta, yana sa a gyara abin da aka riga aka gyara.

Ruwan wankin fata ne ya dame shi, don yana kwanciya a fili yana wari. Sai ya sa aka haƙa lambatu daga bakin rijiya, ya bi ta bayan sito ya gangara fadama. A bayan akwai wani fili da ko ciyawa ba ta fitowa, ƙasarsa ta ɗan lotsa. Masu haƙa suka ce ƙasar nan tana da taushi, tana kuma yaji a hanci. Mani ya ce su yi sauri.

A ƙarshen gangaren akwai lambun wata dattijuwa, Lantana, wadda ta gaji wurin daga mijinta. Albasa take shukawa, tana ban ruwa daga wani ɗan kududdufi. Da rani ya yi nisa sai ga ta a ƙofar sito, ta riƙo ganyen albasa a hannu, duk ya yi rawaya ya lanƙwashe.

"Mani, duba nan."

"Sannu, Inna. Tsutsa ta?"

"Shekara talatin ina albasa, na san tsutsa. Ruwanka na. Kwaɗin da ka cikin kududdufi duk sun mace."

Ya bi ta har lambun. Bakin ruwan ya yi wani fari-fari kamar kanwa. Kwana huɗu bayan haka awaki uku da suka lashi farin suka kumbura suka mutu. Masu wankin fata biyu da ke tsayawa cikin lambatun, tafin ƙafarsu ya soma saɓulewa.

Mani ya shiga neman wanda ya san wurin tun zamanin soja. Ya je unguwa uku kafin aka nuna masa Junaidu, wani tsoho mai ido ɗaya da ya yi wa sojan dako. Ya same shi yana tufkar igiya.

"Baba, mi ag ga bayan sito?"

Junaidu bai ɗago ba. "Mu munka gina ramin, tsawon mutum biyu. Albarushin da ruwa ya ɓata, da gwangwanayen maganin gara, da na wanke dawaki, da dalma. Saje ya ce a turbuɗe, munka turbuɗe. Kak ka ce mini ka taɓa wurin."

"Na ratsa shi da ruwa."

Tsohon ya ajiye igiyar ya dube shi.

Da ya dawo ya gaya wa ma'aikata, suka ce a toshe lambatun a yi shiru. In magana ta kai gun Nasara za a karɓe mabuɗi, gida ashirin su rasa abinci. Sodangi ma ya ce a ba Lantana wani abu ta haƙura. Mani ya toshe lambatun, amma ya san damina na tafe, kuma ruwan sama ba ya neman izini. Kwana biyu yana zagaya filin, ya tsuguna, ya tashi, ya dubi gabas inda hadari ke soma haɗuwa. Rana ta uku ya ɗaure hanci da rawani ya ɗauki galma.

Mutum shida ne suka bi shi, sauran suka ce ba da su ba. Gwangwanayen sun yi tsatsa, wasu suna farfashewa a hannu. Suna zuba su cikin mangala da ƙasar da ta jiƙa da su, jakai suna kaiwa wani fako mai marmara, nesa da gona da rijiya. Kwana arba'in suna yi. Jaki biyu suka mutu. Shanya ta tsaya, mahauta da yawa suka mai da fatarsu gun wasu, masu waina suka tashi saboda wari. An yi ruwan farko saura kaɗan su gama, suka ƙarasa cikin taɓo.

Hakimi ya ji labari, ya aiko aka duba, bai karɓe mabuɗi ba. Sito ya koma aiki, amma da mutum goma sha ɗaya. Hannun Mani da maganin ya ƙone ya warke da tabo, tarin da ya kama shi a ramin kuwa bai sake shi ba.

Lambun Lantana shekara biyu bai yi komai ba. Mani ya kai mata taki da sabuwar ƙasa, ya gina mata rumfa a ƙofar sito tana sayar da dafaffen wake. Ba ta taɓa yi masa godiya ba, shi ma bai nema ba. A shekara ta uku rabin lambun na sama ya yi albasa, ƙanana. Rabin ƙasa, kusa da kududdufi, ta bar shi.

Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda, Mani ya damƙa sito a hannun ɗan Sodangi ya tafi can yana tara fata a bakin tasha. A can tarin ya kwantar da shi, ya rasu bai kai hamsin ba. Labari ya iso Sakkwato ranar Laraba, masu shanya suka sauke aiki suka tafi Ƙofar Dundaye gaisuwa, Lantana na biye da su da sanda.