Munkaila da Kwat ɗin Ghali

Munkaila mutumin Maraɗi ne, yana da rumfar tufafi a titin Guangyuan, cikin birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Bai iya ɗinki ba, bai san yadi ba. Abin da ya iya shi ne ya ga riga a jikin wani, ya kai wa masana'anta a yi masa dubu irinta. Da haka ya yi tumbi, har yaran Sinawa ke ce masa "laoban", wato maigida, shi kuma yana amsawa kamar sarautar gado.

Ɗana Ghali ya karanta injiniyan jiragen ruwa a Poland. Tsohuwar da yake haya a gidanta ta ga sanyi na cin sa, ta ba shi kwat ɗin mahaifinta. Mutumin ma'aikaci ne a jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, jirginsu ya lalace, suka shiga tashar Suwidin, ƙasar da ba ta goyon bayan kowa. Aka karɓe makamansu, aka tsare su har yaƙi ya ƙare. Cikin wannan kwat ya yi ta zaman jira yana jin labarin ana rusa garinsu. Ghali yakan ce mana wannan jiran ya fi harbi wuya.

Ciwon huhu ya ɗauke Ghali kafin ya kammala. Kwat ɗin ya iso mana Guangzhou, inda nake aikin tafinta, cikin kayansa. Mahaifiyarsa Lami ta rataye shi a bayan ƙofa.

A nan Munkaila ya gan shi ran da ya zo ta'aziyya. Bai gama shafa fatiha ba yatsunsa suna kan maɓallan.

"Malam, wannan ai kaya ne! Na soja ne ko?"

Na ba shi labarin yadda Ghali ya ba ni. Bayan sadakar arba'in ya dawo, ya ce a ara masa ya ɗauki hoto kawai, gobe zai maido. Lami ta ce a'a. Ya bi ta da "Haba Hajiya, Ghali ai ƙanena ne," har ta ba shi.

Duk mai sayayya a garin nan ya san abin da masana'anta ke yi da samfur: farke shi ake yi ɗinki-ɗinki, a shimfiɗa, a zana. Munkaila ya fi kowa sani.

Gobe ta wuce, wata ya wuce. Na je rumfar. Sababbin kwat ne irin na Ghali a jere a rataye, baƙi da shuɗi, har da ja. Na same shi yana gaya wa wani ɗan Yamai cewa mai rigar jarumi ne, shi kaɗai ya nutsar da jiragen Jamus, ya tsere daga kurkuku da iyo.

"Bai tsere ba," na ce. "Zama ya yi."

"Malam, wa zai sayi rigar wanda ya zauna?"

"Ina namu?"

Ya jawo leda daga ƙarƙashin tebur. Baya daban, ƙirji daban, wuya daban, duk da zanen alli. Na shimfiɗa su a kan kayansa. Hannun hagu babu. Ya buga wa masana'anta waya, ina jin muryar wata mata tana cewa "mei yo", babu. An share shi da tarkacen yadi.

Sai ya sauko da sabo, ya miƙo min da murmushi.

"Kyauta ne, Malam. Wallahi ya fi tsohon ƙwari."

Na bar shi riƙe da abinsa, na ɗauki ledar.

Lami ta haɗa guntayen da allura, a hankali, tana bin tsoffin ramukan ɗinkin. Da ta kai kafaɗar hagu ta naɗe bakin ta ɗinke. Yana nan a bayan ƙofa da hannu ɗaya. Munkaila kuwa, an ce ya buɗe rumfa ta biyu a kasuwar Shisanhang, kuma jiragen da jarumin ya nutsar sun ƙaru.