Lallen Hajiya Rabi a Gaban Likitan Waya

Ƙanƙara

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na shiga mota. Ƙanwata Hajiya Rabi tana Sabuwa da ciwon suga, babban yatsanta na ƙafa ya yi gyambo ya ƙi warkewa. An ce ranar Alhamis kaɗai likitan birni yake duba marasa lafiyar can ta waya, yana ganinsu suna ganinsa.

Sheme da Mairuwa

Shida da rabi muna Sheme, jami'an tsaro suka sauke mu kaf. Na sha koko da ƙosai a tsaye. A Mairuwa na ce wa direba ya taka, kada likitan waya ya kuɓuce mana.

"Alhaji, likitan da ke cikin waya ina za shi?"

"Shi ba ya zuwa ko'ina. Sabis ne ke tafiya."

Sabuwa

Sha ɗaya saura muka isa. Na ɗauko Rabi daga gida zuwa ɗakin shan magani. Ciki babu sabis, sai da ma'aikaciyar wurin ta fito da mu gindin dalbejiya, tana ɗaga waya sama.

Likita ya bayyana. "Baba, matso da wayar kusa da yatsan. Wannan baƙin fa?"

Rabi ta ce, "Lalle ne, likita. Baƙo zai gan ni, in miƙa masa ƙafa haka nan? Kuma yana busar da ciwo."

Ya ce ba zai iya bambance lalle da mataccen nama ba. Sai hoto ya tsaya cak. Ma'aikaciyar ta ce mu dawo Alhamis mai zuwa.

Raina ya ɓaci. Na yi jinya a Sudan, na yi a Maraɗi, ko'ina likita yakan taɓa ciwo, ya ji warinsa. Ni tun daga zauren gidanta na ji warin nan. Waɗanda suka kawo wayar suka ɗauki hoto suka tafi, ba wanda ya tuna cewa matanmu suna ƙunshi, balle a gargaɗe su.

"Yaya, mu jira mana."

"Tashi!"

Na ɗauki shatar mota zuwa wani asibiti a Funtuwa. Likitan can ya danna yatsan, Rabi ba ta ji komai ba. Washegari aka cire shi. Ya ce da mun jira Alhamis, da ƙafar ce.

Gida

Asabar da la'asar na sauka Ƙanƙara. Na gode wa Allah, na gode wa direban shata da bai tsaya ciniki ba. Godiyata ta ƙare a nan.