Hulata da Takalmin Inna a Ƙofar Coci

Shekarun baya, lokacin da nake jan bas tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, akwai abin da na fi tsarewa fiye da makullin mota, wato tsakiyar kaina. Sanƙo ne ya kama ni tun ban kai ko'ina ba. 'Yan'uwana sun gaji gona a wurin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ni kuwa aka haɗa mini da wannan. Saboda haka hula ta zame mini fata. Ko alwala zan yi a tasha sai na juya wa mutane baya, in ɗaga ta kaɗan, in shafa, in yi wuf in mayar. Direbobi 'yan'uwana sun sha rantsuwa cewa sai sun ga filin jirgin da nake ɓoyewa, ni kuma ina ce musu sai dai su gani a mafarki.

To, akwai wata maƙwabciyarmu da muke kira Mama Nas. Daga kudancin Kaduna aikin asibiti ya kawo ta garinmu tun tana da ƙuruciyarta, ta kama haya a gidan da ke jikin namu, ta zauna. Kirista ce, 'yar Katolika. Ita ta karɓi haihuwata, ta karɓi ta ƙannena. Katangar da ke tsakaninta da mahaifiyata gajera ce, ta nan kwano ke ƙetarewa, da gishiri, da gulma kaɗan. In Kirsimeti ta zo, mahaifina take kawo wa kajinta ya yanka, don kada mu ce ba za mu ci ba. Ita tana ce wa Inna Yaya, Inna tana ce mata Nas. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da 'ya mace guda ɗaya tak, wadda a tsakar gidanmu ta yi rarrafe, ta tashi tana kirana Yaya kamar sauran ƙannena.

Yarinyar nan ta girma, ta yi karatu, ta samo miji mutumin Binuwai. Aka sa ranar aure a cocinsu na Birnin Kudu, inda Mama Nas ke zuwa duk Lahadi, sau da yawa ma a motata.

Wata rana da yamma na dawo na tarar da ita a kan tabarmar Inna tana ɓarar gyaɗa, amma hannun kawai ke aiki, hankalin ba ya nan. Na ji tana cewa, "Yaya, dangin ango sun ce motoci za su ciko. Ni kuwa nawa sun ƙare, ƙanen mahaifina da ya rage ƙafa ta hana shi tafiya. A coci dangin ango gefe guda suke zama, na amarya gefe guda, bencin gaba kuma na iyaye ne. Ni kaɗai zan zauna a kai kamar mayya." Ta goge ido da bakin zane. "Ba don kaina nake ji ba. Kin dai san yadda ake yi wa yarinyar da aka ga ba ta da kowa a gidan miji."

Inna ta ajiye faranti, ta dube ta sama da ƙasa. "Ikon Allah! Nas, mu kuma mutuwa muka yi?"

Shi ke nan magana ta ƙare, don Inna in ta faɗi abu ba ta komawa baya. Amma ba ta yi gaban kanta ba. Ta aike ni wurin ƙanenta, kawuna, malamin Islamiyya. Ya saurare ni, ya ce, "Haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne. Ku je. Ibadarsu tasu ce, taku taku ce. Ku zauna da ladabi, kada ku shiga abin da ba naku ba, kada kuma ku yi abin da za su ga kamar raini."

Mama Nas ta zauna ta karanta mana dokoki kamar masu shirin jarrabawa. In an miƙe mu miƙe. In sun durƙusa mu zauna abinmu. In fada, wato limaminsu, ya fara ba mutane wani ɗan farin abu a baki kada mu bi layi, nasu ne su kaɗai. A kashe waya, ban da hira, ban da taunar goro. Inna ta tambaye ta irin kayan da za a sa, ta ce, "Yadda kike zuwa idi, haka." Abu biyu ne kawai ta manta ba ta faɗa mana ba, kuma ban ga laifinta ba, don ita ba ta taɓa ɗaukarsu a matsayin abin faɗa ba.

Ranar Asabar na ci ado, jama'a. Babbar riga ta shadda ta sha bugu, ga hula zanna da na karɓo daga mai wanki, tsaye ƙyam. Na kwashi Inna da matata da ƙannena mata da wasu maƙwabta, duk cikin anko, muka kama hanya. Ina tuƙi ina kallon kaina a madubi, ina cewa yau mutanen Binuwai za su san amarya tana da yaya.

A ƙofar cocin akwai wani dattijo da jan ƙyalle rataye a kafaɗa, shi ke kula da masu shiga. Gefensa kwando ne cike da ɗankwali. Muna isowa ya tare wata budurwa daga cikin baƙin ango, kanta a buɗe, rigarta ba hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa mata ɗankwali biyu, ɗaya na kai ɗaya na kafaɗa, ta ɗaura tana zumɓura baki. Inna ta zungure ni, fuskarta cike da jin daɗi. "Ka gani ko? Ashe ko'ina ka je tsiraici ba shi da masauki."

Sai ta sunkuya ta cire takalminta, ta jera su a gefen matakala. Matan da ke bayanta duk suka bi sahu. Dattijon ya matso da sauri. "Mama, ai nan ba a cire takalmi. Ki sa abinki."

"Ɗan nan, ba ɗakin ibada ba ne?"

"Shi ne, Mama."

"To ƙafata ba ta saba ba. In ba laifi ba ne a wurinku, ƙyale ni haka."

Ya yi dariya, ya ce ba laifi ba ne. Sauran matan suka mayar da nasu a kunyace, Inna kuwa ta tsaya da ƙafarta da ta sha lalle. Ni ma na sunkuya ke nan zan zare nawa don in taya ta, sai na ji dattijon ya ce, "Alhaji, kai takalmin bar shi. Hular za ka cire."

Na ɗago na dube shi, na zaci wasa yake. Ba wasa a fuskarsa. Ya ce a wurinsu mace ce ke rufe kai, namiji kuwa ba ya tsayawa a ɗakin ibada da hula, girmamawa ce. Na ce, "Baba, mu a wurinmu wanda ya je gaban manya kai ba hula ai shi ne marar kunya." Ya ce, "Na sani, a garin nan aka haife ni. Amma nan ciki haka abin yake."

Na waiga. Wallahi kamar haɗin baki, ga direbobin tasharmu da suka ɗauko wasu baƙi can ƙarƙashin bishiya, sun zuba mini ido. Na matsa kusa da Inna na rage murya. "Inna, ku shiga kawai. Ni bari in tsaya a mota, in ma tsare miki takalminki kada a ɗauke."

Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Hannun rigata ta kama ta ja ni bakin ƙofa, ta ce, "Leƙa."

Na leƙa. Gefen ango ya cika maƙil, maza manya-manya a gaba, kowa kai a buɗe. Ɗaya gefen kuwa 'yan tsirarun abokan aikinta ne can baya, sai Mama Nas ita kaɗai a dogon bencin gaba, ta ci ɗaurinta, tana ta waiwayen ƙofa.

Inna ta ce, "Mu mata mun zo, to. Amma dangin da ba namiji, wa za a ji nauyinsa ranar da aka so taka ta? Yarinyar nan tun bakinta bai iya magana ba take ce maka Yaya. Yau ne za ka amsa."

Jama'a, na cire. Ban san lokacin da hannuna ya kai ba. Iska ta bugi wurin da ya shekara da shekaru bai ga rana ba, daga ƙarƙashin bishiya kuma na ji wani ɗan banza ya ce, "Jirgi ya sauka!" Ban waiga ba. Na riƙe hulata a ƙirji, Inna tana gaba ba takalmi, ina biye ba hula, muka ratsa tsakiyar cocin nan har gaba. Tafiyar ba ta da tsawo, amma ni na ji kamar daga Gwaram na tako.

Na zauna kusa da Mama Nas, kaina a sunkuye. Ta dube ni, ta dubi kan, ta matso da bakinta kusa da kunnena. "Wai da ma wannan kake ta ɓoyewa? Ni na fara ganin kan nan a duniya. Ran nan ma haka yake, ko silin gashi babu."

Da kyar na danne dariya, sai da hawaye ya fito mini. Ita kuma idonta ya sauka a kan ƙafar Inna. A hankali ta zare nata takalmin, ta tura shi ƙarƙashin benci da ɗan yatsa. Haka tsofaffin nan biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ƙafafu a kan siminti, har aka tashi.

Da hankalina ya dawo jikina sai na fara lura da wurin. Duk wanda zai shiga benci sai ya kai gwiwa ɗaya ƙasa tukuna. Aka yi waƙoƙi, wasu da Hausa, da ganga da tulu, aka tada turare. Amma da aka kaɗa wata 'yar ƙararrawa, wurin ya yi tsit, ko tari babu. Na ga wani tsoho da ƙafa ke damu ya dafa benci ya durƙusa da kyar, ba wanda ya sa shi. Mu dai muka yi yadda aka ce mana, suka miƙe muka miƙe, suka durƙusa muka zauna, ina salatina a zuci. Ba wanda ya harare mu, ba kuma wanda ya damu da sanƙona. A bencin ango ma na ƙirga irin nawa har na gaji.

Abin da ba na mantawa shi ne shigowar amarya. Tana tafe a hankali cikin farar riga mai dogon hannu, fuska a lulluɓe, sai idonta ya faɗa kaina. Ita ta san ni da hula, tana ƙarama ta sha ƙoƙarin fizge ta ina korarta. Ta cikin lulluɓin na ga kafaɗarta tana rawa. Har yau in na tambaye ta dariya take ko kuka, sai ta ce duka biyun.

Da aka fito, wani kawun ango, ƙato mai furfura, ya zo gaida Mama Nas, ya nuna ni ya ce wane ne wannan. Ta ce, "Ɗana ne, yayan amarya. Waccan kuma yayata ce." Mutumin ya kama hannuna da hannu biyu. Na ce masa, "Amana muka ba ku. Kuma ku sani ni direba ne, ba garin da ke yi mini nisa." Ya yi dariya, amma na ga maganar ta shiga. Sai a lokacin na tuna hulata tana hannuna ban mayar ba.

A tasha kuwa sunan Filin Jirgi ya bi ni har na bar tuƙi, kuma na daina jin haushi. Yarinyar tana ɗakinta lafiya da 'ya'yanta. Mama Nas ta yi ritaya ta koma wurinsu.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Mu muna rufe kai mu tuɓe takalmi, mazansu suna tuɓe hula su bar takalmi, kowa kuma ladabi yake nufi. Ban bar addinina a ƙofar nan ba, ko ƙwayar zarra, kuma ba wanda ya nemi in bari. Girman kaina kawai na ajiye, shi ma ashe bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Shekarar da Inna ta rasu, Mama Nas ta zo duk da tsufa da nisan hanya. Tun daga ƙofar zaure ta cire takalminta, ta yafa mayafin da Inna ta taɓa ba ta, ta shiga cikin mata ta zauna karɓar gaisuwa, don ta ce ita ba baƙuwa ba ce da za ta yi wa wani ta'aziyya. Da na shigo sai na durƙusa a gabanta. Sai kawai na ga hulata a hannuna. Ta ɗora tafinta a tsakiyar kaina, ta daɗe ba ta ɗauke ba, sannan ta ce, "Yi kukanka, ɗana. Ba ka rasa uwa ba, saura ni."